Wanda Ya Sayi Bashin Nata'ala

Ranar da muka yi wa Yaya Nata'ala salla, bayan an jera sahu a masallacinmu na Peckham, liman Malam Baha'uddeen ya juyo ya yi tambayar da aka saba yi. Ya ce ko akwai mai bin mamaci bashi, kuma wa zai tsaya masa. Aka yi tsit. Nata'ala ba shi da ɗa, ba shi da ƙani a ƙasar nan, sai matarsa Karimatu, ita kuma tana can ɓangaren mata. Ba ciki ɗaya muka fito ba, unguwa ce ta haɗa mu tun a Gusau. Amma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka London, kuma a kan kujerar falonsa na riƙa kwana har na sami aikin tuƙin bas. Sai na ɗaga hannu na ce, "Duk mai bin sa ya zo wurina."

Liman ya ce, "Masawudu, ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Jama'a suka yi ta sa min albarka, aka ta da kabbara.

Na san abin da nake nufi, kowa ma a sahun nan ya sani. Mai naman titin Rye Lane da Nata'ala yake karɓar kaji a wurinsa sai ƙarshen wata. Zubin adashi da ya rage masa. Wani ɗan Zariya da ya ranta masa kuɗin tikiti. Duk sun zo, mai naman ma ya ce ya yafe. Sauran na biya su a albashi ɗaya, na ji kamar na sauke buhu daga kaina.

Ba a yi arba'in ba Karimatu ta kira ni. Tana takaba, muryarta a dishe. Ta ce wani kamfani yana ta aiko takarda da sunan marigayi, yanzu kuma sun fara buga wayar gida.

"Tunda kai ka ce ka ɗauka, shi ya sa na ce bari in gaya maka."

Na ce ta turo min lambarsu, kada ta ƙara ɗaga musu waya.

A garejinmu na Plumstead na kira su, lokacin hutun cin abinci, ina zaune a kan benci da ledar burodi a cinya. Wata mata ta ɗauka, mai laushin murya. Ta yi min ta'aziyya da Turanci har na ji ta shiga raina. Sannan ta yi min bayani. Shekarun baya, lokacin da Nata'ala ya rasa aikinsa, ya ci bashi da katin banki, ya kasa biya. Banki ya bi shi, ya gaji, ya rubuta kuɗin a cikin asararsa, ya sayar da bashin ga wani kamfani. Wancan kamfanin ya sayar wa waɗannan. Yanzu su ne masu shi, kuma ya haura fam dubu huɗu.

Na ce mata mutumin ya rasu.

Ta ce ta sani, wa yake kula da al'amuransa?

Na ce ni ne. Na ƙara da cewa na tsaya a gaban jama'a na ɗauki duk bashinsa. Da alfahari ma na faɗa. Na ɗauka ina gaya wa mutum ne mai zuciya, wanda zai ce madalla, ya sassauta. Sai na ji ƙarar madannai, tana rubutawa. Ta karɓi sunana, da adireshina, da lambar wayata. Kafin mu rabu na ba ta fam hamsin daga katina don su ƙyale Karimatu ta yi takabarta cikin natsuwa.

Sun ƙyale ta kuwa. Suka dawo kaina.

Ina tuƙi waya tana rawa a aljihuna. Ina alwala tana rawa. In na ɗauka, yau mace gobe namiji, kowa da irin ladabinsa, kowa yana kiran sunana a karkace. Daga baya suka zo da tayi: in na biya dubu biyu da ɗari shida kafin wata ya ƙare, za su rufe maganar gaba ɗaya. Suka ce alfarma ce suke yi wa iyalan mamaci.

Kuɗin da nake da shi a duniya kusan ke nan, kuma ba nawa ba ne. 'Yata Zarah ta sami gurbin karatun jinya a Sheffield. Shekara biyu ina karɓar overtime, ƙarin aikin Asabar da Lahadi, har bayana ya fara ciwo, don in tara mata kuɗin ɗaki. Masu ɗakin sun ce a biya kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba su ba wani. Wata ɗaya, kuɗi ɗaya, hannu biyu a miƙe.

Na daina cin abinci sosai. Uwar Zarah ta tambaye ni, na ce mata gyambon ciki ne.

Ranar da ba ni da aiki na tafi reshen bankin a Woolwich. Na ce in bashi ne, gara in ga fuskar wanda ya bayar da shi. Na yi layi, na zauna gaban wani saurayi mai taye, na ba shi sunan Nata'ala da takardar mutuwarsa. Ya duba kwamfuta ya daɗe, sannan ya ce ba sa bin wannan mutumin ko kwabo, an rufe asusun tun tuni, an sayar.

Na ce, "To in na kawo muku kuɗin fa?"

Ya ce ba za su iya karɓa ba, ba nasu ba ne yanzu.

Na fito na tsaya a bakin titi ina huci. Wanda ya ba Nata'ala kuɗi ya ce ba ya bin sa. Wanda bai taɓa ganin Nata'ala ba, bai taɓa ba shi ko ruwan sha ba, shi ne yake hana ni sakat. A garinmu in ka ci bashin mutum, ka san ƙofar gidansa, ka san sunan 'ya'yansa, in ka mutu ya zo ya zauna a tabarmar makoki ya ce ya yafe ko bai yafe ba. Nan kuwa an ɗaure bashin mutane dami-dami ana gwanjonsa kamar tsofaffin riguna.

Zarah ce ta kama ni. Wayata tana kan tebur ina wanka, suka kira, ta ɗauka. Ina fitowa na same ta tsaye a ƙofar kicin, wayar a hannunta. Tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci Turanci ne yake fara fitowa.

"Baba, what did you tell these people?"

"Ba ni wayata."

"Sun ce kai ne responsible. Ka sa hannu a wani abu?"

"Ban sa hannu a komai ba. Baki na sa."

Ta ce in zauna. 'Yar da na goya a wuya muka zaga Woolwich da ita, wai in zauna. Na zauna. Ta kira wata ƙungiya mai ba da shawara kyauta kan bashi, ta sa wayar a fili muna ji. Mutumin da ya ɗauka ya tambaye ni ko sunana yana kan katin, na ce a'a. Ko na tsaya wa Nata'ala a rubuce lokacin da ya karɓa, na ce a'a. Me ya bari? Na ce riguna, da talabijin, da keken da ba ya tafiya. Flat ɗin da suke ciki ma hayar council ce, wato ƙaramar hukuma. Ya ce to a dokar ƙasar nan bashin mamaci daga abin da ya bari ake biya, in bai bar komai ba shi ke nan, ba ya hawa kan matarsa, balle aboki. Ya ce kuma irin wannan tsohon bashi da ƙyar ma ya ci gaba da tsayawa a kotu, kuma masu sayensa sau da yawa ɗan abu kaɗan suke biya a kan kowane fam.

Da ya kashe, Zarah ta ce, "Ka ji ko? You owe them nothing."

"Su ban ci musu komai ba. Amma na yi magana."

"A masallaci, Baba. Ba a kotu ba."

"Au, masallacin ne ƙarami?"

"Ba haka na ce ba."

"Haka kika ce. An kwantar da mutum a gabana a cikin likkafani, na ce na ɗauka. Kin san me ake nufi da wannan? An ce masa ya kwanta, wani ya karɓa. Yanzu in koma in ce masa tashi ka karɓi kayanka, wani mutum a waya ya ce ba dole?"

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Halin uwarta ne.

"Kuɗin ɗakina za ka ba su."

Na miƙa hannu na ɗauki wayata.

"Okay. Ka ba su. Ni sai in kwana a tashar jirgi, in gaya wa mutane babana mai cika alkawari ne."

Na daka mata tsawa ta bar min wurin. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ba ita nake jin haushi ba, amma ita ce a kusa.

Ranar Juma'a na jira aka watse, na tare Malam Baha'uddeen a wurin ajiye takalma. Kafin in buɗe baki, Mashud, wani mutumin Kumasi da muke zolayar juna da shi, ya dafa kafaɗata. Labari ya riga ya zaga.

"Masawudu mai ɗaukar kaya. Ran nan ka ɗaga hannu da sauri kamar ana raba nama. Ni ma ina da bashi, in na mutu ka zo da wuri."

Na ce, "Kai naka ko jirgin ruwa ba zai ɗauka ba."

Ya yi dariya ya wuce. Ni ban yi ba.

Na zayyana wa Malam komai. Ya saurara yana murza gemu. Ya ce abin da doka ta ce daban, kuma gaskiya ne ba wanda zai kama ni. Amma abin da Nata'ala ya karɓa ya ci, wannan haƙƙi ne, kuma ni na ce zan sauke. Ruwan da aka ɗora a kai kuwa, da tarar jinkiri, babu su a wuyan kowa.

Na ce, "Wa zan ba? Mai kuɗin ya ce ba ya so."

Ya ce malamai sun yi magana a kan sayar da bashi, kuma irin wannan cinikin da yawansu ba su yarda da shi ba. Ya ce in fara sanin uwar kuɗin tukuna, shi kuma zai tambayi waɗanda suka fi shi.

"Malam, ƙarshen wata ya zo. Yarinya za ta rasa ɗaki."

"Allah zai kawo mafita."

"Da ka tambaye ni ran nan ko na ɗauka, me ya sa ba ka ce in tambayi nawa ne ba?"

Ya ce, "Masawudu, shekara nawa ina wannan tambayar, ban taɓa jin kamfani ya amsa ba sai a kanka."

Daga masallacin ban ma kai tashar bas ba na kira kamfanin. Wani namiji ya ɗauka, ya ce ya ji daɗin jin muryata, ko na shirya karɓar tayin? Na ce ina so in san nawa Nata'ala ya karɓa da hannunsa, ban da ruwa, ban da tara. Ya ce adadin da ke gabansa shi ne adadin. Na ce ba shi na tambaya ba. Ya ce takardun asali ba sa wurinsu, sai sun nema daga kamfanin da ya sayar musu, kuma zai ɗauki lokaci, amma tayin ba zai jira ba.

Na ce, "Nawa kuka saye shi?"

Ya ce wannan ba abin da zai iya faɗa min ba ne.

"Ba ka san nawa ya ci ba. Ba za ka faɗi nawa ka biya ba. Ba ka san fuskarsa ba. Ka san dai ya mutu, ka san matarsa tana kuka, ka san ni wawa ne mai tsoron Allah. Tun ranar farko kun san ba dole ne in biya ba?"

Ya ce ba su taɓa cewa dole ne ba, ni na kira da kaina na ce ina so in ɗauka, yana nan a rubuce, kuma suna girmama al'adun mutane.

Nan ne Turancina ya ƙare. Na koma Hausa a tsakiyar Rye Lane, tsakanin mai doya da mai gyaran waya, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Wata tsohuwa 'yar Jos da ke zaɓen tattasai ta juyo ta ce, "Baba, a yi haƙuri, hawan jini." Mutumin da ke kan waya yana ta cewa in kwantar da hankalina, har na kashe.

Na hau bas, na zauna a sama can baya. Maganar da na yi a gaban gawa, don Allah, don mutumin da ya ba ni kujerarsa, sun ɗauke ta sun zuba a kwamfuta sun mai da ita ƙugiya. Na yi tunanin bayana da ya lalace a kan sitiyari. Na yi tunanin kuɗin nan suna shiga aljihun wanda ko sunan Nata'ala bai iya faɗa ba. Kafin mu kai Plumstead na buɗe wayata, na nemo lambar asusun masu ɗakin Sheffield da Zarah ta turo min tun tuni, na tura musu kuɗin duka. Na duba abin da ya rage, ko cefanen sati ba zai yi ba.

Ban ji daɗi ba. Na dai san ba mai iya karɓe su kuma, ko ni kaina.

Zarah ta ga saƙon masu ɗakin kafin in iso. Ta buɗe min ƙofa tana so ta yi magana, na ce ta matsa in wuce. Ta kawo min shayi ta ajiye, ta tsaya. Na ce ta je ta fara haɗa kayanta.

Saura Karimatu. Wannan ba maganar waya ba ce, don haka washegari na tafi Peckham. Ta buɗe ƙofar flat ɗin kaɗan, ta koma ciki ta zauna, ni kuma na tsaya daga bakin ƙofa tunda takaba take. Muka gaisa. Na yi mata bayanin banki, da na mutumin ƙungiya, da na Malam. Na ce kamfanin nan ko uwar kuɗin ba su sani ba, kuma ba zan ba su komai ba sai sun kawo shaidar abin da marigayi ya karɓa. In sun kawo, zan riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashi ko da zai kai ni tsufa.

Ta ce, "In ba su kawo ba fa?"

"To ba su da abin karɓa."

"Shi kuma ya yi ta jira a can."

"Yaya Karimatu, mutanen nan 'yan kasuwar hawaye ne. Ba su ya ci wa kuɗi ba."

"Ni ban san wannan ba. Na san ya ci, don tare muka ci. Shinkafar da aka saya da katin nan har kai ka ci a gidan nan." Sai ta ce, "Kuɗin da suka ce a kawo su rufe, kana da su?"

Na ce jiya ina da su. Na faɗa mata inda suka tafi.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce Allah ya ba Zarah sa'ar karatu. Sannan ta ce, "Ba wanda ya kama hannunka ya ɗaga ranar nan, Masawudu. Da ka yi shiru, da tun a lokacin na san a kaina bashin yake."

Na ji motsinta ta shiga ɗaki. Ta dawo ta miƙo hannu ta gefen ƙofa, da wani ƙullin hankici. Na karɓa na kwance. Awarwaro ne biyu na gwal da 'yan kunne, na aurenta.

"Ka kai wa masu sayen gwal. Abin da aka samu ka ba kamfanin, su rage."

"Ba zan kai ba."

"To ba ni, in aiki wani."

"Ba zan ba ki ba."

"Kayana ne."

"Naki ne. Ran da kika fita takaba zan kawo miki da hannuna, ki yi yadda kika so. Amma ba za a ce ina raye aka cire gwal daga hannun matar Nata'ala aka kai wa waɗannan ba."

Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji, shi ya kawo ni nan. Ta ce to daga yau kada in ƙara taka mata ƙofa, kuma za ta gaya wa Malam da bakinta cewa na janye.

Na ce ban janye ba.

Ta rufe ƙofar. Na tsaya ina jin kukanta ta cikin katako, a hankali, kamar ba ta so maƙwabta su ji. Na ƙulle hankicin, na sa a aljihun ciki na rigar aiki, na ja zif. Lif ɗin ginin ya lalace, sai na bi matakala na sauka, don da rana zan karɓi bas.